Yaran da Ba Su da Wurin Gudu a Kano

Ba a yi wa Bakano gorin son wasa. Ranar da Kano Pillars za ta taka leda a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, tun azahar ake fara jin "Sai Masu Gida" a bakin 'yan adaidaita sahu da 'yan kasuwa. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 sannan daga 2012 zuwa 2014 a jere, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. A wannan filin aka buga wasu daga cikin wasannin gasar duniya ta matasa da Najeriya ta karɓi baƙuncinsu a 1999 da 2009. Ga dambe a dandalin Ado Bayero na Sabon Gari inda ɓangarorin 'yan damben Kudu da Arewa da Guramada ke gwabzawa, ga gasar Ramat ta yara da ake yi don tunawa da Janar Murtala, ga gidajen kallo a kowace unguwa da ba sa rabuwa da gardamar Madrid da Barcelona.

Amma kallo daban, yi daban. Idan aka ajiye masu tafi da ihu a gefe, aka tambayi wane ne a birnin nan yake samun damar ya yi gudu ya yi gumi don lafiyarsa ko don nishaɗinsa, sai lissafin ya tsuke ƙwarai. Galibi namiji ne, matashi ne, ƙafafunsa lafiya lau, kuma ko dai yana da ɗan abin hannu ko kuwa Allah ya sa unguwarsu tana da ragowar fili. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan zai sha wuya kafin ya samu shiga. Wanda ya rasa biyu ko uku kuwa ba a ma ganinsa, balle a ce an hana shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Talauci da zama 'ya mace da naƙasa da irin unguwar da mutum ya tashi ba sa zuwa ɗaya bayan ɗaya, taruwa suke yi a kan mutum guda, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ƙofa ce mai kwaɗo huɗu: in ka buɗe ɗaya ka kaɗe hannu ka ce ka gama, na waje yana nan a waje.

Kuma maganar ta wuce ta nishaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla awa ɗaya ta motsa jiki a kullum, babba kuma minti 150 a mako. A binciken da hukumar ta fitar a 2019, kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan ma'auni, kuma mata sun fi maza: kashi 85 a mata, 78 a maza. Wannan lissafin duniya ne baki ɗaya, har da ƙasashen da yarinya ke hawa keke ta tafi makaranta ba wanda zai ɗaga kai ya kalle ta. Duk wanda ya san yadda rayuwar yarinya take a Kurna ko Ɗorayi ba sai an faɗa masa ɓangaren da muka faɗa ba.

Fili shi ne tushen zancen, don ba a wasa a iska. Wanda ya tashi a cikin Badala, wato tsohon birnin da ganuwa ta kewaye, ya san lungunan Yakasai da Mandawari da Jakara, inda wani wurin babur biyu ba sa iya giftawa. Duk da haka a da akwai sarari: bakin kududdufi, gindin ganuwa, ƙofar gidan mai unguwa, kangon da ba a gina ba, da gonakin bayan gari idan an yi girbi. Da yawa daga cikin kududdufan an cike su an ɗora gini, shi ya sa ruwan damina ya rasa wurin zuwa yake afka wa ɗakunan mutane. Unguwannin awon igiya kuwa, irin su Rimin Kebe da Bachirawa da sassan Ɗorayi da Sheka, gonaki ne aka yanka fuloti-fuloti. Tsakanin mai gona da dillali babu wanda zai bar taku goma saboda yara, hanyar wucewa ma da ƙyar aka bari. Kuma a nan ne yara suka fi yawa, gida ɗaya sai ka ƙirga goma sha. Ka tsallaka Nassarawa da Bomfai ka ga bambanci: tituna masu faɗi, inuwar bishiyoyi, filin golf, filin folo, Filin Sukuwa. Tun zamanin Turawa aka shata wannan yanki da tunanin cewa mazauna cikinsa za su so shan iska. Sauran gari ba a yi masa wannan tunanin ba, kuma mu da muka gaji mulkin ba mu gyara ba.

Maimakon gyara ma, ɗan abin da ya rage aka sa wa ido. Shekaru da dama muna gani ana gutsure filayen makarantun gwamnati da na jama'a ana jera shaguna a jikin katanga. Da gwamnatin jihar ta rushe shagunan da aka gina a Filin Sukuwa da kewayen filin Idi na Ƙofar Mata a watan Yunin 2023, gari ya rabu biyu, aka yi ta musu a rediyo a kan asarar 'yan kasuwa da siyasar da ke ciki. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma asarar dukiya ba abin wasa ba ce. Sai dai a duk wannan hayaniya, da wuya ka ji wanda ya tsaya ya yi magana da yawun yaran da filin wasansu ne aka fara cinyewa. Ba su da ƙungiya, ba su da lauya, ba sa jefa ƙuri'a.

Da fili na kyauta ya yi ƙaranci, sai kasuwa ta shigo. Yanzu akwai filayen kafet da ake haya da awa, da fitilu har dare, akwai gidajen motsa jiki da ake biya duk wata. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a rigar Pillars kafin ya fita Turai, ya buɗe cibiyar wasanni a nan Kano a 2017, kuma abin a yaba ne ɗan wasa ya dawo da dukiyarsa garin da ya ɗaga shi. Ba na ganin laifin duk wanda ya zuba jari a irin wannan harka ya ce a biya shi, akwai kuɗin dizal da na ma'aikata. Amma wurin da ake biya ba zai taɓa maye gurbin filin unguwa ba. Samari ma'aikata za su yi karo-karo su kama awa ɗaya ranar Asabar. Ɗan mai gadi fa? Ko an ce masa ya shigo kyauta, akwai kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, wanda tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya zama abin da magidanci ke lissafawa kafin ya fita. Akwai takalmi, akwai riga, akwai abin da zai ci in ya dawo. Yaron da ya karya da koko ba ƙosai ba zai jure atisaye na awa biyu ba, komai baiwarsa.

Duk da haka ɗan talaka namiji yana da dabara. Zai kafa duwatsu biyu a kan kwalta ya mai da su raga, in mota ta taho a ɗauke ƙwallo. Zai buga a gefen layin dogo, ko a kangon da mai shi bai tashi gini ba, da ƙafa ba takalmi, a cikin kwalabe da ƙusoshi. Yana shan kora, yana shan zagi in ƙwallo ta faɗa gidan mutane, amma ba wanda zai ce ya zubar da mutuncin gidansu don an gan shi yana gudu. Kuma shi ne wanda hukuma take gani. Duk lokacin da faɗan daba ko ƙwacen waya ya yi ƙamari, sai a tuna da wasanni, a sa kofi, a raba riguna, a ce ana ɗauke hankalin matasa daga shaye-shaye. Wannan yana da amfani, ban raina shi ba. Amma a lura da dalilin: an kula shi ne don ana tsoron abin da zai aikata in an bar shi. 'Yar'uwarsa ba ta tsorata kowa, don haka ba ta cikin lissafi.

A kan 'ya mace nake so in daɗe, don a nan ne muka fi yaudarar kanmu. Mukan ce ai al'adarmu ce ba ta san mace da wasa ba. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma kakanninmu mata shaida ne. Wace ce a cikinsu ba ta yi gaɗa a dandali da farin wata ba? Gaɗa kuwa tsalle ce da tafi da faɗawa hannun ƙawaye a cafe ki a cilla, mai yin ta sai ta jiƙe da gumi. Ga 'yar gala-gala, ga tsallen igiya, ga guje-gujen ɓuya. Maza suna can suna langa da kokawa, mata suna nan da nasu, kowa da dandalinsa, manya suna zaune a ƙofar gida suna gani. Ban da wasa, akwai daka da niƙa da ɗebo ruwa, aiki ne mai wuya da ba wanda yake kewarsa, amma yana motsa jini. Injin niƙa ya ɗauke wancan, gini ya cinye dandali, tsoron lalacewar zamani ya mai da yara mata cikin gida tun kafin magariba. An ɗauke tsohon, ba a kawo sabo ba. Abin da muke kira al'ada a yau, rabinsa rashin wuri ne da muka saba da shi.

Ku duba ranar yarinya 'yar shekara goma sha biyu a gidan mai ƙaramin ƙarfi. Zafin Kano a watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, don haka lokacin motsa jiki biyu ne kawai: bayan asuba da bayan la'asar. Da asuba tana shara da wanke-wanke da shirya ƙanne. In tana boko ta tafi, in ta dawo sai Islamiyya, ko kuma ta ɗauki farantin talla don da ribar ake cefane, da ita kuma ake tara kayan ɗaki. La'asar sakaliya tana gaban murhu. Yayanta a wannan lokacin ya sa gajeren wando ya fice. In ta kuskura ta biye wa ƙannenta da gudu a ƙofar gida, za ta ji an ce, "Ke, ba kya ganin kin girma? Wuce ciki." Uwar da ta faɗi haka ba muguwa ba ce. Ta san bakin unguwa, ta san irin samarin da ke zaune a bakin lungu, kuma ta san in wani abu ya faru ita za a zaga.

Yanzu a ɗauki sa'arta 'yar mai hali. Ita ma mace ce, ita ma Musulma ce, iyayenta ma ba sa so a gan ta tana tsalle a titi. Amma makarantar kuɗin da take zuwa tana da fili a cikin katanga, da malama mai koyar da wasa, da ranar gasar gidaje da iyaye ke zuwa kallo. Gidansu yana da harabar da za ta hau keke. In mahaifiyarta tana so, akwai wuraren motsa jiki na mata zalla da mota za ta kai su ta dawo da su. Ashe matsalar ba a zama mace kaɗai take ba, ba kuma a talauci kaɗai ba, tunda ɗan talaka ya samu kwalta, 'yar mai kuɗi ta samu katanga. 'Yar talaka ce ta rasa duka biyun. Sirri da tsaro da addini da al'ada ke nema wa mace, kuɗi ne ke sayensu a Kano ta yau.

Shi ya sa ba na yarda idan aka jingina abin ga addini aka yi shiru. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), ta tsere masa, bayan wasu shekaru suka sake ya tsere mata. Ya kuma ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri, ya fi soyuwa ga Allah a kan mumini mai rauni, kuma kowanne akwai alheri a tare da shi. Ba a ce mumini namiji ba. Abin da malamai da iyaye ke gudu sananne ne: cakuɗuwa da maza, bayyana tsiraici, da barin yarinya a hannun wanda ba a amince da shi ba. Waɗannan sharuɗɗa ne, kuma sharaɗi cika shi ake yi, ba a mai da shi dalilin rufe ƙofa. Ko a can waje an sassauta: hukumar FIFA ta amince da sanya hijabi a wasa a 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. Mun yi murna da Super Falcons suka ɗauko kofin Afirka karo na goma a Maroko a 2025, amma ka bi sunayen 'yan wasan, da wuya ka ga wadda ta tashi a cikin Badala ko a Fagge. Ni ba burina ba ne lallai sai 'yar Kano ta buga wa ƙasa. In ta so, iyayenta suka yarda, Allah ya ba da sa'a. Burina ƙarami ne a kan wannan: ta samu wurin da za ta yi gudu lafiya lau tana da shekara goma sha biyu, ta kuma samu wurin tattaki tana da arba'in.

Na ambaci arba'in ne da gangan. Ku je layin masu hawan jini da ciwon suga a kowane asibiti a garin nan ku ga iyayenmu mata. Likita zai duba ya ce, "Hajiya, a rage gishiri, a riƙa ɗan tattaki kullum." A ina za ta yi tattakin? Tana haya a ɗaki ciki da falo, tsakar gidan taku biyar ne, an shanya wanki a ciki. Titi babu gefen masu tafiya a ƙasa, inda yake akwai kuma 'yan tireda da masu faci sun mamaye. Fita ba dalili sai da izinin maigida, kuma in ta fita da sassafe tana sauri a bakin titi, kafin azahar labari ya zaga cewa matar wane lafiya kuwa? Sana'arta ma ta zama ce: ɗinkin hula, suyar awara, ƙullin kayan miya. Maigidan da zai ba da kuɗin magani duk wata ba tare da gardama ba, shi ne kuma zai ga baƙon abu ne a ce matarsa ta je motsa jiki. Iyayen gida maza, wannan kam a hannunmu yake, ba sai an jira gwamnati ba.

Akwai masu cewa ai talaka aikinsa ma motsa jiki ne, wa ya kai ɗan dako a kasuwar Kwari ko ta Dawanau gumi? Gaskiya ne yana gumi, amma ɗaukar buhu daga safe zuwa yamma cin jiki ne, baya da gwiwa yake kashewa. Kuma talakan birni da yawa a zaune yake wuni: direban adaidaita, tela, mai shago, mai cajin waya. Wasu kuma sukan ce ana fama da abin da za a ci, wa yake ta wasa? Na fahimci zafin da ke cikin wannan magana. Amma gidan da ke fama da abinci shi ne gidan da shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda zai durƙusar gaba ɗaya. Mai kuɗi zai iya jinya. Talaka rigakafi ne kaɗai gatansa, kuma babu rigakafin da ya kai tafiya da gudu araha, in akwai wurin yi.

Sai masu buƙata ta musamman, waɗanda a kansu Kano take da abin alfahari da abin kunya a lokaci guda. Ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu a kan ɗan katako mai tayoyi, ɗan Kano ne, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ta a 1988, kuma yau ana buga ta a jihohi da dama har da wasu ƙasashen maƙwabta. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli wasan ya san ba abin tausayi ba ne, gudu ne da dabara da ƙarfin damtse. A matakin ƙasa ma haka abin yake: a Landan a 2012 'yan wasan Najeriya masu lafiyar jiki sun dawo hannu rabbana daga gasar Olamfik, masu naƙasa suka dawo da lambobi 13, shida na zinariya. A Rio a 2016 masu lafiya tagulla ɗaya suka samo, masu naƙasa suka samo zinariya takwas. Garin nan ya sha fama da shan inna, musamman bayan dakatar da rigakafi da aka yi daga 2003 zuwa 2004, kuma sai a Agustan 2020 aka tabbatar an rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran da ta kama a wancan lokacin yau samari ne da 'yan mata, suna nan a cikinmu.

Samarin cikinsu wasu sun samu ƙwallon guragu. 'Yan matan fa? Yarinya mai lalurar ƙafa a gidan talaka, a unguwar da lungunanta kwata ce da rairayi, keken guragu ma ba ya shiga, sau da yawa ko makaranta ba a kai ta. In an fito da ita, bara aka fito da ita. Shirin mata ba ya isa gare ta don an tsara shi ne da mai ƙafa biyu a rai. Shirin masu naƙasa ba ya isa gare ta don maza ne suka cika shi, iyayenta ba za su sake ta cikinsu ba. Shirin talakawa ba ya isa gare ta don sai an taka an je. Kowane ofishi yana da hujjar cewa ya yi nasa. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Kowa ya duba makarantar unguwarsu da filin wasan da ya fi kusa da shi ya ga ko an yi. Haka kurma da makaho, su ma ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen wasa.

Akwai kuma yaran da ba sa cikin rajistar kowa. Almajiri yakan samu sararin Alhamis ya buga ƙwallon tsumma a bayan makaranta, amma babu wata gasar makarantu da za ta gan shi, don shi ba ɗan firamare ba ne, ba shi da takardar haihuwa, ba shi da uban da zai sa hannu a fom. 'Yar aikin da aka kawo daga ƙauye ita ko Alhamis ɗin ba ta da ita. Tana iya zama a gidan da yaran gida ke da keke da lilo, aikinta ta goge su.

To ina mafita? Ba na adawa da kuɗin da ake kashe wa Pillars ko gyaran babban fili, garin nan yana buƙatar abin da zai haɗa shi ya yi murna. Amma a daina ƙirga wannan a matsayin an yi wa jama'a hidimar motsa jiki. Mutum goma sha ɗaya ne ke gudu, dubbai suna zaune. In ana neman wuri guda da zai iya warware yawancin waɗannan matsaloli a tare, ni a ganina filin makarantar gwamnati ne. Kusan kowace unguwa tana da firamare ko sakandare da za a iya zuwa da ƙafa, ba kuɗin mota. Tana da katanga, ko ana iya yi mata. Iyaye sun san ta, sun san malamanta. Kuma daga tashi zuwa magariba, da ranakun hutu, yawanci a rufe take ko a hannun wanda ya fi ƙarfi.

Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ana gyaran azuzuwa ana gina sababbi, kuma da buƙata, don akwai azuzuwan da ɗalibai suka haura ɗari. Roƙona shi ne kada a gina sabon aji a tsakiyar filin wasa a ce an ci gaba. A yi bene in ya kama. A auna filin kowace makaranta, a rubuta, a buga a jarida, majalisar jiha ta yi dokar da za ta hana kowace gwamnati, ta yau ko ta gobe, yanka shi. Duk sabon rukunin filaye da hukumar tsara birni za ta amince da shi, a sa sharaɗin barin fili na jama'a, a kuma bi a tabbatar bai koma fuloti ba bayan shekara biyu.

Sannan a raba lokaci, don in aka buɗe fili aka ce na kowa ne, na samari ne. A ware ranaku da sa'o'i na mata zalla, ƙofa a rufe, mace ce a bakin ƙofa, mace ce ke koyarwa. Kwalejojin ilimi da Jami'ar Bayero suna yaye masu karatun motsa jiki da lafiya, a ɗauki matan cikinsu aiki. A yi banɗaki mai ƙofa da ruwa, don rashinsa kaɗai ya isa ya hana budurwa zuwa. A daidaita bakin ƙofa yadda keken guragu zai shiga, a kuma sa rana ta mata masu naƙasa, a je har gida a yi magana da iyayensu. A shigar da makarantun allo cikin gasar unguwa ba tare da neman takardar da aka san ba su da ita ba. Malaman Islamiyya, waɗanda dubban 'yan mata da matan aure ke hannunsu kullum, su ne suka fi kowa iya sa wannan ya karɓu. Rabin awa na motsa jiki a harabar makaranta kafin darasi ba zai rage wa kowa hadda ba, kuma limami ɗaya ya faɗa a huɗuba cewa halal ne ya fi tallar rediyo ta wata guda.

Kwamitin da zai kula da filin kuma kada ya zama na mai unguwa da shugaban matasa da kocin ƙungiyar samari kaɗai, kamar yadda aka saba. A sa uwa mai 'ya'ya mata a ciki, a sa mai naƙasa mace da namiji, a sa alaramma, kuma a ba su ikon cewa a'a idan aka zo raba sa'o'i. Su ne za su faɗi abin da mu masu ƙafa da abin hawa ba za mu taɓa lura da shi ba: cewa ƙarfe huɗu bai yi wa mai talla ba, cewa kwatar bakin ƙofa ta fi ƙarfin keke, cewa maigadi namiji a ranar mata ya isa ya sa kowa ta zauna a gida. A gwada a makaranta ɗaya a kowace ƙaramar hukuma ta cikin birni, Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo da Birni, a shekara guda a ƙirga mata nawa suka zo, masu naƙasa nawa, almajirai nawa, a faɗa wa jama'a adadin.